Yadda ake horar da ɗaliban sashen motsa jiki da lafiya (PHE) su sa yara masu nakasa cikin wasa

Shekarun baya na je duba wani ɗalibina ɗan NCE da ke koyarwar gwaji, wato TP, a wata firamare. Tsarin darasinsa ba inda za ka kushe. Yara sun haura saba'in a fili, ana tseren miƙa sanda, ihu kamar za su tsaga gari. Can gindin darbejiya kuwa ga wani yaro a zaune, sandar dogarawarsa a gefe, takalman 'yan aji jibge a gabansa. Na tambayi ɗalibin nawa, sai ya ce, "Ai Malam, shi ne mai gadin takalma. Haka na tarar ana yi." Har na buɗe baki zan yi masa faɗa, sai na tuna shekara biyu yana zaune a gabana, ban taɓa nuna masa abin da zai yi da irin wannan yaro ba.

Tsarin da zan zayyana shi nake bi tun daga lokacin. Na rubuta shi ne don sabon malamin kwaleji da aka danƙa wa ɗaliban sashen motsa jiki da lafiya, da kuma malamin makaranta da ake turo wa 'yan TP. Ba sai an buɗe sabon kwas ba. Awa biyu a fili kowane mako, tsawon mako goma zuwa sha biyu, sun wadatar, in dai kafin su fita TP ne.

Kayan da za ka tanada

Ƙwallaye iri-iri: na fata, na roba mara nauyi, na tsumma, da balan-balan. Sai ƙwallo mai ƙara don marasa gani. Na kanti mai ƙararrawa a ciki yana da tsada, samunsa ma aiki ne, don haka ka zura ƙwallo cikin leda mai kwaramniya ka ɗaure bakin, da ya gangara za a ji shi. Gorar ruwa ta roba da aka zuba wa tsakuwa ita ma tana aiki.

Igiya doguwa, mita 20 zuwa 30, da gajeru kamar kamu biyu-biyu. Usur, da tutoci biyu, fara da ja. Toka ko farar ƙasa ta ja layi. Tabarmi, in babu a yi da buhuna ko kwali. Bokitai da tsofaffin tayoyi su zama raga. Ƙyallen rufe ido, amma kowane ɗalibi ya zo da nasa ya kuma riƙe abinsa, don ƙyalle ɗaya ya isa ya zagaya aji da ciwon ido. Ruwan sha mai yawa da akwatin agajin gaggawa. Sai ƙananan katuna na kwali kamar ashirin, za mu zo kan amfaninsu.

Abin da ya fi duk waɗannan ba a saye a kasuwa: manya masu nakasa biyu ko uku da za su yarda su zo su koyar, da makaranta ɗaya a kusa da ta amince ku riƙa zuwa. Ka fara neman su tun kafin a dawo hutu, domin su ne ke cin lokaci.

1. Fara da jin abin da ke ransu

A zaman farko kada ka yi lakca. Raba takarda, ka ce kowa ya rubuta abin da yake tsoro idan aka sa masa yaro mai nakasa a aji, ba tare da suna ba. Ka tattara ka karanta a fili. Kusan kullum abu uku ke fitowa: kada yaron ya ji ciwo a hannuna iyaye su kama ni; ban san yadda zan yi masa magana ba; sauran yara za su gundura. Ba a rasa mai rubuta cewa ana ɗaukar farfaɗiya ta yawu. Kada ka bari a yi wa kowa dariya, don wanda aka yi wa dariya ba ya sake tambaya, sai ya tafi da kuskurensa har aji.

A nan ne za ka gaya musu doka a taƙaice. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce makarantun gwamnati su zama na kowa, har da masu nakasa. Ke nan yaron ba alfarma ake yi masa ba. Minti goma sun ishi wannan.

Sai batun kira. Rediyo na cewa masu buƙata ta musamman, gari na cewa gurgu, makaho, kurma. Abin da nake ɗora wa ɗalibaina guda ne: yaro da sunansa ake kiransa. Malamin da ya ce "kai gurgu, matsa can" ya ba aji lasisin faɗar haka har a tashi.

2. Kawo masu abin su koyar

Gani ya kori ji. A mako na biyu da na uku ka gayyato manya masu nakasa, su tsaya a matsayin malamai, ku kuwa ku zama ɗalibai. Ka bi ta ƙungiyoyinsu, ko ta Sarkin Makafi da Sarkin Guragu inda garin ke da su. In akwai 'yan ƙwallon guragu a kusa, su za ka fara nema. Wasan nan a Najeriya aka ƙirƙiro shi, Misbahu Lawan Didi ne ya assasa shi a 1988. Ana zama kan ɗan allo mai tayoyi, ana bugun ƙwallo da hannu, a kan daɓen siminti. Ka sa zaratan ɗalibanka su hau allon su kara da su minti biyar. Za su sha kashi, kuma kashin nan ya fi lakca goma amfani, domin daga ranar tausayi ke raguwa, girmamawa ta shigo.

Ni kan ƙara musu da lissafi ɗaya. A gasar nakasassu ta duniya da aka yi a Rio a 2016, Najeriya ta ciyo lambobi 12, takwas na zinare. A gasar Olamfik ta birnin a wannan shekarar kuwa tagulla ɗaya tal muka samo, a ƙwallon ƙafa.

Gargaɗi: ka biya baƙin nan kuɗin mota da ladan koyarwa kamar yadda za ka biya kowane baƙon malami, a ambulan, da mutunci. Kada ya zama sadaka a gaban ɗalibai. Kuma ka duba wurin tun kafin su iso. Na taɓa gayyato mai keken guragu zuwa ɗakin da ke bene, har yau ina jin kunyar abin.

3. Koya musu tambaya kafin wasa

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yara biyu da shan inna ya taɓa ba sa zama ɗaya: wannan yana gudu da sanda, wancan ba ya iya tsayuwa minti biyu. Sunan lalura ba ya gaya wa malami komai sai ya tambaya. Ka sa ɗalibai su haddace tambayoyi biyar, su gwada a junansu: Wane wasa kake yi a gida? Me kake so ka gwada a nan? Me ke sa ka ciwo ko gajiya? Yaya kake so a taimaka maka, ko ba ka so? Akwai abin da likita ya hana? Huɗun farko yaron ake yi wa, a keɓe, ba a gaban aji ba. Ta biyar sai an haɗa da iyaye.

Lalurorin da ba a gani da ido su ne suka fi ba ni tsoro, kuma a nan nake daɗewa.

Sikila. Ajinka na Arewa da wuya ya rasa mai ita. Ƙishirwa, zafin rana, sanyin hunturu da gajiya mai tsanani duk suna iya tayar da ciwon. Yaron ya sha ruwa kafin wasa da tsakiyarsa, ya huta duk lokacin da ya nema ba tare da an ce masa rago ba. Da ya ce ƙashinsa ko ƙirjinsa na ciwo, wasa ya ƙare. Horon zagaye fili da gudu haramun ne a kansa.

Farfaɗiya. Ba a ɗaukarta, ko ta yawu ko ta taɓawa. Idan ta tashi, a janye yara da duk abin da zai buge shi, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a duba agogo. Kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki, kada a ɗura masa ruwa. Da jijjigar ta lafa a juya shi ya kwanta ta gefe. In ta wuce minti biyar, ko ta sake dawowa kafin ya farfaɗo, sai asibiti. Wannan ba a koyar da shi da baki kawai: ɗalibi ɗaya ya kwanta a tabarma, sauran su yi a aikace, kowa sai ya yi.

Asma. Abin shaƙarsa ya kasance a bakin fili, ba a jaka cikin aji ba. Ranar da hazo ya yi yawa a rage gudu.

Zabiya. Hula mai faɗi, riga mai dogon hannu, wasa da safe ko a inuwa. Yawancinsu ba sa gani sosai, don haka a yi amfani da ƙwallo mai kala mai ƙarfi, kuma kada a tsayar da shi yana fuskantar rana.

4. Abubuwa huɗu da ake juyawa

Nan ne zuciyar aikin, ka ba shi mako uku. Duk wasan da ka sani yana da fili, doka, kaya da mutane. Idan yaro ya kasa shiga, ɗaya daga cikin huɗun nan za a juya, ba yaron za a cire ba.

Ɗauki tseren miƙa sandan da na fara da shi. Da muka koma makarantar bayan mako guda, fili muka fara taɓawa. Maimakon kowa ya yi mita 30, kowace ƙungiya ta samu zango huɗu marasa tsayi ɗaya: mita 10, 20, 30 da 40, su kuma su zaɓi wanda zai ɗauki kowanne. Yaron ya ɗauki na goma. Sandar miƙawa ta zama matsala tunda hannunsa na riƙe da abin dogarawa, sai muka maye ta da ƙyalle da ake rataya wa mutum a kafaɗa, ga kowa da kowa. Wani ɗan lukuti a wata ƙungiyar ma ya yi ta roƙon a bar masa gajeren zangon. Takalma kuwa suka yi gadin kansu.

Ga yadda sauran suke a wasan miƙa ƙwallo da hannu, inda ƙungiya ke cin maki in ta miƙa sau goma ba a ƙwace ba. Doka: duk mai riƙe da ƙwallo, a ba shi tazarar taku biyu, maki ba ya ƙirguwa sai ƙwallon ya ratsa hannun kowa. Lura, hannun kowa na ce. In ka ce "sai an ba wane", ka nuna shi da yatsa. Kaya: ƙwallon roba mara nauyi, ko balan-balan da ke saukowa a hankali. Mutane: ƙungiyar mutum biyar, ba talatin ba, domin a cikin talatin ko mai ƙafa biyu sai ya yi sa'a ya taɓa ƙwallo.

Ka ba kowane rukunin ɗalibai wasa ɗaya na gida, langa, 'yar gala-gala, carafke, tsallen igiya, su juya shi ta hanyoyin huɗu su nuna a fili. Langa takan tayar da gardama mai daɗi, tunda a cikinta kowa ƙafa ɗaya gare shi. Wani yaron mai shan inna zai fi kowa, wani kuwa ƙafar tasa mai ƙarfin ba ta jure tsalle. Amsar tana wajen yaron.

Kurakuran da na fi gani a wannan mataki:

Juya komai lokaci guda har wasan ya lalace. A sauya abu ɗaya, mafi ƙanƙanta, a gani. In sauran yara suka gundura, a kan yaron za su huce bayan an tashi.

Naɗa shi alƙalin wasa ko mai rubuta maki kullum. Gadin takalma ne aka sa wa babbar riga. Alƙalanci ya riƙa zagayawa.

Barin kyaftin biyu su zaɓi 'yan wasa. Kowa ya san wanda zai rage a ƙarshe. A ƙirga ɗaya zuwa huɗu a raba.

Wasan da wanda ya faɗi ke fita. Wanda ya fi buƙatar motsi shi ke fara fita. A sa wanda ya faɗi ya koma wani da'irar ya ci gaba.

Ƙyale shi ya ci da gangan. Yara ba wawaye ba ne, shi ma ya sani.

Idan ajin ya kai mutum tamanin ko ɗari, a raba fili tasha huɗu, ana juyawa duk minti takwas. Tasha ɗaya ta zama ta wasan zaune ga kowa. Kuma a tuna keken guragu ba ya tafiya a rairayi: a nemi wuri mai tauri, filin taron safe ko baranda.

5. Aikin hannu

Jagorancin marar gani: shi ke kama hannunka sama da gwiwar hannu, yana bayanka da rabin taku, kana faɗa masa abin da ke gaba. Wani dattijo makaho da ya zo mana ya tsayar da ɗalibina cak ya ce, "Ɗana, ba akuya kake kaiwa kasuwa ba, sake ni in riƙe ka." Ajin bai sake mantawa ba. Kafin wasa a zagaya da yaron iyakar fili ya san ta da ƙafarsa. A kira sunansa kafin a tura masa ƙwallo. A daina "nan" da "can", a ce dama, hagu, taku uku. Wajen gudu, ko ya bi doguwar igiya da aka ɗaure daidai ƙugu, an yi ƙulli kusa da ƙarshenta don ya san ya iso, ko su riƙe gajera shi da abokin gudu, ba tare da abokin ya ja shi ba.

Ga marar ji: malami ya fuskanci rana don a ga fuskarsa, kada ya yi magana yana juya baya, ya nuna da jiki kafin ya faɗa. Duk busa usur a haɗa da ɗaga tuta, farar tuta a fara, ja a tsaya. Ɗalibai su koyi alamomi kamar ashirin. A lura, maganar hannu da kurame ke yi a unguwa ta bambanta da wadda ake koyarwa a makarantun kurame, mai tushe daga ta Amurka. Wadda yaron ya sani ita za a bi.

A gwada wasanni biyu da ajin duka zai iya. Na farko shi ne wanda ake kira golbol, da aka ƙirƙira a 1946 don sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Biyu: mutum uku-uku, ido a rufe, fili mita 18 da 9, ana gangara ƙwallo mai ƙara, 'yan kallo sun yi tsit. Na biyu ƙwallon raga na zaune, fili mita 10 da 6, ragar ta ɗan haura mita ɗaya. Igiya tsakanin kujeru biyu ta isa.

Hattara da ƙyallen rufe ido. Amfaninsa koyon jagoranci da wasa. Kada ka rufe wa ɗalibi ido ka ce "ji yadda makaho ke ji". Abin da zai ji tsoro ne na minti goma, alhali wanda ya shekara ashirin a haka ya ƙware, ba a tsorace yake ba. Ɗalibin sai ya fita da ƙarin tausayi, ya je aji ya zaunar da yaro don kada ya faɗi.

Ba a taɓa yaro, ko sandarsa, ko kekensa, sai an nemi izini. Ɗalibai mata su kula da 'yan mata. Yarinya mai nakasa ita ce aka fi mantawa a aji, don ko fili ba a fito da ita.

6. Gwaji a tsakaninsu

Kowane ɗalibi ya koyar da 'yan ajinsu minti goma. A minti na uku ka miƙa masa kati: "Akwai yarinya marar ji a layi na biyu", ko "Mai sikila ya ce ya gaji", ko "Ƙwallon mai ƙara ya fashe". Ya gyara nan take ba tare da ya tsayar da darasi ba. Ba a buƙatar kowa ya kwaikwayi ɗingishi ko lalube, wasan kwaikwayo yake zama. Ɗalibi ɗaya ya ɗaura ƙyalle a hannu a san shi ne yaron da ke kan katin, shi ke nan. In da waya a ɗauki bidiyo, mutum ya kalli kansa.

7. Fita wajen yara na gaske

Mako huɗu na ƙarshe a makaranta za a yi su. A fara da ɗalibai biyu kan yaro ɗaya, sannan ƙaramin rukuni da ya haɗa masu nakasa da marasa ita, sannan aji sukutum. In kuna kusa da makarantar musamman, irin ta Tudun Maliki a Kano ko ta makafi da ke Gindiri a Filato, ku je ku koyi hannu wajen malamansu. Amma a ƙare a firamare ta kowa da kowa, don can za a tura su aiki. In babu ko ɗaya kusa, a shirya wasan safiyar Asabar a filin kwaleji, a gayyato yaran unguwa ta hannun mai unguwa, da iznin iyaye.

Zuwa sau ɗaya da katan ɗin biskit a ɗauki hoto ba horo ba ne. Ɗalibi ya koma wajen yaro guda aƙalla sau huɗu, ya ga abin da ya gwada ya ƙi, ya sake dabara. Hoton yara kuwa ba ya hawa Facebook.

8. Sa shi cikin maki

Abin da ba maki a kansa ɗalibi ba ya ɗaukarsa da gaske, mu ma haka muka yi a zamaninmu. A tsarin darasi a ƙara gurbi ɗaya: wane yaro, me zan juya, in bai yi ba me zan koma. Ranar duba TP ka zaɓi yaro ɗaya ba tare da ka faɗa ba, ka riƙa jan ɗan layi a takarda duk sa'ad da ya taɓa ƙwallo ko aka kira sunansa, ka kuma lissafa mintunan da ya yi yana motsi. Bayan darasi ka nuna wa ɗalibin takardar. Ni kashi ɗaya cikin biyar na makin fili nake ware wa wannan.

Wani zai ce maka ajinsa ba mai nakasa. Ka ce ya tambayi malamin ajin wa ke yawan fashi saboda ciwo, wa ke matsowa gaban allo yana ƙanƙance ido, wa ake kira sau uku kafin ya waiwayo, wa ke zama a aji in an fita wasa. Ya kawo maka sunayen a ziyara ta gaba, da abin da ya juya wa kowannensu.